Wane irin gladiyolas ya fi dacewa da lambun Kaduna?

Wata baiwar Allah mai sana'ar ƙawata wuraren biki a cikin garin Kaduna ta rubuto cewa tana da ɗan fili a fadama kusa da kogin Kaduna, kuma tana so ta fara noman furen gladiyolas domin ta rage dogaro da furen roba da kuma ɗanyen furen da ake kawo mata daga Jos. Mai sayar da iri ya ambata mata sunaye biyar, wato White Prosperity, Priscilla, Peter Pears, Nova Lux da Oscar, shi ya sa take tambayar wanne ya fi girma, wanne ya fi saurin yin fure, wanne kuma ya fi daɗewa bayan an yanke shi.

Hajiya, idan gajeriyar amsa kike so, shawarata ita ce ki ba White Prosperity kaso mafi girma na filinki, Priscilla da Peter Pears su biyo baya, ki shuka Nova Lux gwargwadon buƙatarki ta launin rawaya, sannan ki ɗan taɓa Oscar kaɗan har sai kin ga halinsa a ƙasarki. Sai dai wannan jeri na wucin gadi ne, kuma ina so ki riƙe shi a haka. Sunan iri yana gaya miki launin furen da siffarsa ba tare da kuskure ba, amma tsawon kara, yawan furanni da ranar buɗewarsu abubuwa ne da girman abin da kika shuka, da watan da kika shuka, da ruwan da kika ba shi suke iya juyawa fiye da yadda sunan zai juya su. Wanda ya kwatanta iri biyu ba tare da ya daidaita waɗannan ba, ya kwatanta kulawarsa ce kawai.

Ya kamata a fara da sanin cewa wannan fure ba baƙo ba ne a nahiyarmu. Sunansa ya fito daga kalmar Latin mai nufin takobi, saboda siffar ganyensa, amma mafi yawan danginsa na daji, waɗanda sun haura 250, a Afirka suke, musamman kudancinta. Ɗaya daga cikinsu, wanda masana tsirrai ke kira Gladiolus dalenii, yana fitowa da kansa a dazuzzukanmu da damina, kuma shi ne masu maganin gargajiya suka sani da sunan rumana. Da shi aka yi barbarar da ta haifar da manyan irin zamani a ƙasar Beljiyam a wajajen 1837, daga nan masu kiwon fure na Faransa, Ingila, Holan da Amurka suka ci gaba da tacewa har aka samu dubban sunaye. Abin lura a nan shi ne an tace irin da ake sayar miki ne domin bazarar Turai, mai doguwar rana da sanyin dare, don haka ya dawo gida da halayen da ba na gida ba.

Abin da ake shukawa yana kama da albasa a ido, kuma albasa zan riƙa kiransa domin sauƙi, ko da yake idan kika yanka shi za ki tarar ba shi da ɓawo hawa-hawa, cikinsa a dunƙule yake kamar na gwaza. Abincin da tsiron zai rayu da shi a makonnin farko duk a cikinsa yake. 'Yan kasuwar Holan suna rarraba albasar ne bisa faɗin kewayenta a santimita, shi ya sa za ki ga an rubuta 8/10, 10/12, 12/14 ko 14/+ a jikin buhu. Idan kika ɗauki iri guda kika shuka mai lamba 8/10 a gefen mai lamba 12/14, babbar za ta riga fitowa, ta fi kauri, ta fi yawan furanni, ta kuma riga buɗewa, har wanda bai sani ba ya rantse iri biyu ne. Saboda haka sharaɗi na farko shi ne duk irin biyar su zo da lamba ɗaya, kuma ga mai neman furen yanka 10/12 ko 12/14 ya fi dacewa. Ki duba siffarta ma: albasar da ta yi tudu a sama, mai nauyi a hannu, ta fi wadda ta yi faɗi ta baje kamar faifai, domin mai faɗin galibi tsohuwa ce da aka juya shekara da shekaru. Ki ɗan ɗaga busasshen ɓawon ki leƙa. Duk wadda ke da baƙin tabo da ya lotsa, ko ta yi laushi a gindi, ki ware ta.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko ɓoyuwa, kuma a kansa na taɓa yin asara. Albasar gladiyolas tana yin barci bayan an haƙo ta, ba ta tsirowa sai ta huta, kuma hanyar da aka saba bi wajen karya barcin ita ce ajiye ta a sanyin digiri 4 zuwa 5 na wata biyu zuwa uku. A Holan ana haƙo ta ne daga wajajen Satumba zuwa Nuwamba, wato daidai lokacin da mu muke neman ta domin shukar rani. Ke nan albasar da za ta iso Kaduna a Oktoba ko Nuwamba ɗayan biyu ce: ko dai ta bara ce da aka tsare a ɗakin sanyi, wadda za ta tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko kuma sabuwar haƙa ce da ba ta farka ba. Wata shekara na karɓi kaya daga hannun wani mai shigo da iri ban yi wannan tambaya ba, iri biyu suka fito da wuri, ɗaya ya kwanta a ƙasa fiye da wata guda ina ta zuba masa ruwa, wani sashensa ya ruɓe, na kuma yanke wa irin hukuncin cewa ba ya son ƙasarmu, sai da na sake shuka shi bayan ya huta na gane zaluntarsa na yi. Ki tambayi mai sayarwa yaushe aka haƙo kowane iri da kuma yadda aka ajiye shi, sannan ki juya albasar ki duba gindinta. Idan kika ga ƙananan ƙuraje farare sun kumbura a kewayen gindin, saiwa ce ke shirin fitowa, albasar ta farka. Idan kuma da kanki za ki shigo da ita daga waje, ana buƙatar izinin hukumar killace amfanin gona ta ƙasa, NAQS, da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da aka ɗauko ta.

Dangane da alƙaluman da ake bugawa a takardun talla, kada ki gina lissafinki a kansu. Gladiyolas yana jin tsawon rana: doguwar rana tana ɗan jinkirta furensa amma tana ƙara wa zangarniyar tsawo da yawan furanni, gajeriyar rana kuwa tana gaggauta shi ta kuma rage masa tsawo. A Holan ranar watan Yuni tana wuce awa 16, a Kaduna kuwa ranar Disamba kusan awa 11 da rabi ce kawai, ko a tsakiyar damina ma ba ta kai awa 13 ba. Don haka ki sa ran kowane iri zai fi yadda aka kwatanta shi gajarta a wurinki. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa na sa White Prosperity a gaba, domin irin da ke da rarar tsawo tun asali shi ne zai iya rasa wani abu ya kuma rage da karan da zai cika babbar tukunyar fure a zauren biki.

Lokacin shuka a Kaduna yana da ƙunci. Furen ya fi jin daɗin yanayin da ke tsakanin digiri 10 zuwa 25, yana kuma jure abin da ya ɗara haka idan ƙasa na da danshi. Mafi kusa da wannan a wurinmu shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin da dare ke yin sanyi. Yawancin manyan iri suna ɗaukar kwana 70 zuwa 100 daga shuka zuwa fure. Idan muka ɗauki kwana 85 a matsayin tsaka-tsaki, wadda ta shuka ranar 1 ga Oktoba za ta yi yanka a wajajen 25 ga Disamba, lokacin da bukukuwa suka fi yawa, wadda ta shuka ranar 20 ga Nuwamba kuma za ta yi yanka a wajajen 13 ga Fabrairu. Shukar da ta wuce tsakiyar Disamba za ta kai furenta cikin zafin Maris, inda rana ke haura digiri 35, ta ƙone gefen furanni, ta sa kara ya yi yaushi da tsakar rana ya miƙe da yamma a karkace, kuma karan da ya karkace sau ɗaya ba ya komawa daidai. Ana iya shukar damina, tsiron ma ya fi tsawo a lokacin, amma ruwan Agusta da Satumba yana kwantar da kara, yana jawo tabon ganye, yana kuma ba cutar ruɓewar albasa dama, musamman a fadamar da ruwa ke kwanciya. Ba na ba mai farawa shawarar ta soma da damina.

Yanzu ga irin biyar ɗin. White Prosperity fari ne tas, gefen furensa yana da ɗan lanƙwasa, karansa dogo ne mai ƙarfi, zangarniyarsa tana ɗaukar furanni masu yawa, kuma ba ya cikin masu gaggawa. Ga mai sana'a irin taki babu launin da ya kai fari amfani, tun da yana shiga kowace kwalliya, ta ɗaurin aure ce, ta walima ce ko ta coci. Aibinsa a nan shi ne ƙurar hunturu da duk wani ɗan rauni suna fitowa fili a jikin farin fure, don haka yana buƙatar shingen da zai tare iskar arewa maso gabas, kuma dole a yanke shi kafin ya buɗe a gona. Tsawonsa ma yana sa iska ta kwantar da shi idan ba a binne albasar da zurfi ba.

Priscilla fari ne mai bakin ruwan hoda da ɗan rawaya a maƙogwaro, yana cikin masu saurin fure, kuma a tsawo bai kai White Prosperity ba. Saurin nan yana da daraja biyu a Kaduna: yana ba ki abin sayarwa tun kafin sauran su nuna, kuma idan shuka ta makara shi ne ya fi yiwuwa ya tsere wa zafin bazara. Peter Pears launinsa tsakanin ruwan lemo da ruwan goro ne mai haske, da ɗan ja a ciki, ya daɗe a kasuwar duniya, shi ma ba ya jinkiri sosai, kuma furanninsa suna jeruwa a kan kara da tsari mai kyau. Irin wannan launi ba ya nuna ƙura kamar fari, ba ya kuma nuna ƙuna kamar ja, shi ya sa nake ganinsa a matsayin irin da ya fi yafe wa mai koyo kurakuransa.

Nova Lux rawaya ne mai haske, kuma launin ne dalilin shuka shi. Ki auna yawansa da yawan masu neman rawaya a wurinki. Oscar ja ne mai duhu, furensa babba ne, yana ɗaukar ido daga nesa, kuma na san shi ne zai fi burge ki a hoto. Dalilin da ya sa na ce ki taɓa shi kaɗan shi ne launi mai duhu ya fi shan zafin rana, kuma shi ne ya fi tona ɓarnar wasu ƙananan ƙwari da ake kira tirips, dangin waɗanda ke sa ganyen albasar miya ya yi fari-fari da rani. Suna shiga cikin kuben ganye da cikin furen da bai buɗe ba su tsotse shi, sai furen ya fito da zane-zane farare, ko ya bushe bai buɗe ba. Suna kama kowane iri, amma zanen da zai ɓuya a jikin farin fure a jikin ja yana bayyana ƙarara, kuma busasshen yanayin hunturu shi ne lokacinsu. Idan maƙwabtanki a fadama masu noman albasa ne, ki fara duba tsironki tun yana da ganye uku.

Akwai abin da jerin mai sayar miki ya rasa, kuma ina ganin ya cancanci ki nema. Ƙungiyar masu gladiyolas ta Arewacin Amurka tana rarraba iri bisa faɗin fure zuwa aji biyar, daga aji 100, wanda furensa bai kai santimita 6 da rabi ba, zuwa aji 500, wanda ya wuce santimita 14. Duk biyar ɗin da aka ambata miki manyan furanni ne. Masu matsakaici da ƙaramin fure sun fi sauƙin kara, iska ba ta cika kayar da su ba, kuma sun fi dacewa da kwalliyar tebur da furen hannun amarya. Haka kuma ƙasar Indiya, wadda yanayin wasu sassanta ya fi na Turai kusa da namu, ta fitar da nata irin: cibiyar binciken lambu da ke Bangalor tana da jerin da ke farawa da Arka, kamar Arka Kesar da Arka Amar, wanda aka fitar da shi a matsayin mai jure cutar fusariyom mai ruɓar da albasa, cibiyar binciken noma da ke Delhi kuma tana da jerin Pusa. Idan hanya ta samu, ko guda ɗaya daga cikinsu ya shiga gwajinki.

Gani ya kori ji, kuma gwajin da zai ba ki amsar da ta fi tawa ba shi da tsada. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba kowane iri kunya guda, wannan a bakin ruwa, wancan a can tudu, sannan a ce na bakin ruwa ya fi. Ki raba filin gida huɗu, a kowane gida ki yi fangali biyar, kowane iri ya samu fangali ɗaya, ki kuma yi ƙuri'a wajen zaɓar inda kowanne zai zauna domin kada iri ɗaya ya riƙa faɗawa gefe ɗaya. Albasa 20 a kowane fangali ta isa, jimla 400 ke nan, 80 ga kowane iri. Idan kika bar santimita 30 tsakanin layi da layi, 20 tsakanin albasa da albasa, duka ba za su ci fiye da murabba'in mita 24 ba, ban da hanyoyin da za a bi. Ki shuka su rana ɗaya, a zurfin santimita 10 zuwa 15, mai zurfin a turɓaya, marar zurfin a ƙasa mai laka, tsinin yana kallon sama. Fangalin ya kasance a ɗage yadda ruwa zai tsane, a fili mai samun rana tun safe, nesa da inuwar mangwaro, kuma a wurin da ba a shuka gladiyolas ba a shekarun baya.

A wajen girma, ki rubuta ranar da rabin albasar kowane fangali ta tsiro da kuma adadin da ya tsiro gaba ɗaya, sannan ki auna tsawon tsiro da yawan ganye a kwana 30 da kwana 60, kina ɗaukar na tsakiyar fangali kina barin na gefe. Kada tsawon ganye ya ruɗe ki, domin akwai irin da ke cika ido da ganye ya ba da gajeriyar zangarniya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ki ƙirga tsiron da ya girma bai fitar da fure ba sam, abin da masu lambu a Turai ke kira makanta. Zangarniyar tana fara ƙulluwa a ɓoye tun tsiron yana da ganye biyu zuwa uku, kuma daga nan har zuwa ganye na shida ko na bakwai duk ƙishirwa ko ƙarancin haske yana rage yawan furanni ko ya kashe zangarniyar tun tana ciki. A hunturu iska tana busar da ƙasa da sauri ko da mutum yana jin sanyi, don haka a wannan tsakani ne za ki fi tsare ban ruwa, kuma irin da ya fi yawan makafi a ƙarƙashin kulawa iri ɗaya shi ne mafi rauni a wurinki, komai kyawun furensa.

A wajen fure kuwa, ki rubuta ranar da zangarniya ta leƙo, da ranar da furen ƙasa ya nuna launi. Ki auna tsawon karan duka, ki kuma auna sashen da furanni suka jeru a kai shi kaɗai, domin kara mai tsawon mita guda wanda furanninsa suka taru a ɗan ƙarshensa bai kai mai santimita 90 da furanni suka rufe rabinsa kyau ba. Ki ƙirga furannin, ki auna faɗin na biyu daga ƙasa. A ma'aunin kasuwar Amurka, kara mai daraja ta ɗaya shi ne wanda ya wuce santimita 107 da furanni aƙalla 16, matsakaici kuma yana farawa daga santimita 81 da furanni 12. Ko da kasuwarki ba ta aiki da wannan ma'auni, zai ba ki abin dogarawa. Ki lura ma da tazarar da ke tsakanin karan farko da na ƙarshe a iri guda. Irin da ke nuna gaba ɗaya cikin mako ɗaya ya dace da mai babban biki a gabanta, wanda ke rarrabuwa cikin mako uku kuma ya dace da mai sayarwa kaɗan-kaɗan.

Taki ya zama iri ɗaya ga kowane fangali. Takin gargajiya sai wanda ya ruɓe sarai, domin ɗanyen kashin shanu ko na kaji idan ya taɓa albasar yana jawo ruɓa. Kamfa kaɗan kafin shuka, ƙari a ganye na uku, wani ƙarin lokacin da zangarniya ta leƙo, ya wadatar. Ki yi hattara da yuriya, domin yawanta yana ba da kara mai laushi yana kuma ƙarfafa fusariyom, cutar da ke sa ganye ya yi rawaya tun daga ƙasa albasar ta ruɓe. Duk tsiron da ya nuna haka ki tuge shi da ƙasar gindinsa ki ƙone, ki kuma rubuta daga wane iri ya fito. Gladiyolas yana cikin tsirran da sinadarin fuloraid ya fi cutarwa, kuma takin supa yana ɗauke da shi, don haka idan kika ga bakin ganye yana ƙonewa alhali ƙasa na da danshi, ki tuhumi takin ko ruwan kafin ki tuhumi irin.

Ingancin furen bayan yanka shi ne inda kuɗinki yake, kuma a nan hannun mai yanka yana da tasiri daidai da na iri. Ana yanka ne da sassafe, da wuƙa mai kaifi, a bar wa tsiron ganye aƙalla huɗu domin ya ciyar da sabuwar albasa. Idan furen zai yi tafiya, misali zuwa Abuja, a yanke shi lokacin da furanni biyu ko uku na ƙasa suka nuna launi ba su buɗe ba. Idan a cikin gari za a yi amfani da shi gobe, a bari na ƙasa ya fara buɗewa. Daga yankewa sai cikin bokitin ruwa mai tsabta a inuwa, kuma a tsaye. Wannan fure yana da wata ɗabi'a da ba ta da magani: idan aka kwantar da karan, cikin 'yan awoyi kansa zai lanƙwaso sama yana neman miƙewa, kuma lanƙwasar ta zauna ke nan. Ko a mota, ko a Keke Napep, a ɗaure shi a tsaye cikin dogon bokiti.

Domin kwatanta daɗewarsu, ki ɗauki kara biyar daga kowane iri, duka a mataki ɗaya na nuna, ki yanke su tsawo ɗaya, ki cire ganyen da zai nutse, ki sa su a ruwa iri ɗaya a ɗaki ɗaya, nesa da taga da fanka. Kowace safiya ki rubuta furanni nawa ne a buɗe da kyau, nawa suka yi yaushi. Gladiyolas yana buɗewa ne daga ƙasa zuwa sama, kowane fure yana yin 'yan kwanaki, karan gaba ɗaya kuma yakan kai kwana 6 zuwa 10 a wuri mai sanyi, ƙasa da haka a ɗaki mai zafi. Lambobi uku za ki fitar: kwanakin da karan ya yi kafin rabin furanninsa su mutu, kason furannin da suka samu buɗewa kafin ya ƙare, da mafi yawan furannin da suka kasance a buɗe lokaci guda. Ga mai kwalliyar biki na ukun ya fi sauran, tun da taron yini ɗaya ne, kuma karan da ke riƙe furanni bakwai ko takwas a buɗe ranar ɗaurin aure ya fi wanda zai kai kwana goma yana buɗe uku-uku.

Furannin saman zangarniya sukan ƙi buɗewa ne saboda abincin karan ya ƙare. Maganinsa sukari ne: giram 200 a lita ɗaya ta ruwa, a tsoma gindin karan ya kwana a ciki, kada ya wuce yini guda, sannan a mayar da shi ruwa mai sukari kaɗan, kamar giram 20 zuwa 30 a lita, da ɗan matsin lemun tsami da kimanin mililita 1 na bilic domin hana ruwan yin yauƙi. Ki gwada wannan a kan rabin karan kowane iri ki bar rabi a ruwa zalla, za ki ga waɗanda suka fi buƙatarsa, kuma galibi masu doguwar zangarniya ne irin White Prosperity. Idan ruwan rijiyar burtsatsenki yana ƙona gefen furanni, ki koma ruwan sama da aka tara.

Hukuncin ƙarshe a kan kowane iri yana ƙarƙashin ƙasa, kuma a nan ne jerin da na ba ki a farko ya fi yiwuwa ya sauya. Albasar da kika shuka tana ƙarewa, sabuwa tana fitowa a kanta, da 'ya'ya ƙanana a kewaye. Bayan yanka ki ci gaba da ban ruwa na mako shida zuwa takwas, ki rage a hankali, sannan ki haƙo kowane fangali daban, ki ƙirga lafiyayyu da ruɓaɓɓu, ki auna girmansu, ki tara 'ya'yan. Tun da albasar daga waje ake sayo ta da kuɗin waje, irin da ya mayar miki da albasa mai girman wadda kika shuka ko fiye ya fi riba a kan wanda ya ba ki kara mafi tsawo ya bar ki da komawa kasuwa kowace shekara. 'Ya'yan kuma sukan ɗauki shuka ɗaya ko biyu kafin su kai girman yin fure. Ki shanya albasar a inuwa mai iska kamar mako biyu, ki ɓamɓare tsohuwar daga gindi, ki barbaɗa maganin fungas, ki zuba a buhun raga da sunan irin a ciki da waje. Matsalar Kaduna ita ce haƙar tana faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu, shuka ta gaba kuma sai Oktoba, wato aƙalla wata shida na zafi da danshin damina. Ki ajiye ta a ɗaki mafi sanyi da bushewa, kina dubawa duk mako biyu kina cire masu laushi, sannan ta shiga ƙasan firji wata biyu zuwa uku kafin shuka, ba sashen ƙanƙara ba, a fito da ita mako ɗaya kafin ranar shuka domin ƙurajen saiwa su kumbura. Ki rubuta adadin da ya shiga ajiya da adadin da ya fito lafiya daga kowane iri, ki haɗa shi da sauran lambobin kafin ki yanke shawarar wanda za ki faɗaɗa a shekara ta biyu.